Ɗorawar Gwaggo a Tsakiyar Lambuna

Zuwa ga Baba Ubale, mai filin shawara.

Baba, ka agaje ni da shawara tun ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ina da wani aiki a gabana wanda tun da nake ban taɓa ɗokin abu kamarsa ba, sai ga bishiya guda ta tare mini hanya. Ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. Ba zan sa sunana ba, ko da yake na san duk mutumin Kiru da aka karanta wa jaridar nan a bakin kasuwa zai gane ni tun ba a kai rabi ba. To, ya gane.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don kada ka ɗauka wani mai zaman banza ne ya rubuto maka. Na shiga makarantar Midil a Kano, ban kai ƙarshe ba mahaifina ya rasu, na dawo gida. Abin da na gada fili ne da fartanya. Na yi dako a tasha, na yi yaron mota, na riƙe wa wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, sikeli yana awon gyaɗa, har Allah ya sa na sami sikelin kaina. Yau in ka sauka Kwanar Dangora da kaka, ka tambayi rumfar da ba a danne wa manomi awo, za a nuna maka tawa. Bara na gina gida a bayan gari, a filin nan da na gada, na sa masa rufin kwano da tagogin katako. Ba fahari nake yi ba. Allah ne ya yi, amma da gumina ya yi.

Maganar lambu kuwa a Zariya ta kama ni. Na raka kaya can, muna jiran a sauke, sai na zagaya bayan gidan wani Bature na leƙa ta kan shinge. Baba, na ga abin da ya hana ni sakat har yau. Ganye kore shar a tsakiyar rani, kowane iri da fangalinsa, layi a miƙe kamar an ja da rula, ga 'yar hanya tsakani mutum ya bi ko takalminsa ba zai ɓaci ba. Na tsaya ina kallo har direba ya yi ta danna mini ƙaho. A hanya na ce wa raina, shin me ke gare shi da ba ni da shi? Ƙasa ce, tamu ce ma. Ruwa ne, ana haƙawa a samu. Don me ni da iyalina za mu ƙare rani a kan busasshiyar kuɓewa da kuka, alhali ga fili a bayan gidana awakin mutane na kiwo a ciki? Ina so in fita da safe in tsinko tumatir da hannuna a jefa a tukunya. Ina so in baƙo ya zo a yanko masa alayyafo yana kallo.

Ga yadda na tsara shi, kuma na zana a takarda da fensir da rula, don abin da aka koya mini a Midil bai tafi a banza ba. Hanya guda za ta tashi daga ƙofar baya ta miƙe har ƙarshen fili. Wata ta gitta ta. Fili ya rabu huɗu ke nan. A inda hanyoyin suka haɗu, a tsakiya cif, nan rijiya za ta zauna da jigonta, mutum ya tsaya wuri ɗaya yana ɗebowa, ruwa na bin ƙananan hanyoyi zuwa kowace kusurwa. Ka ga dabara? Kashi na farko na kayan miya ne, yakuwa, alayyafo, rama, kuɓewa, shi na sa kusa da gida don maiɗakina Suwaiba ta riƙa miƙa hannu kawai. Na biyu albasa, tumatir, tattasai da attaruhu. Na uku shi ne abin da ba a taɓa gani a Kiru ba: latas, kabeji da karas. Na sayo irinsu a kanti a Kano, suna cikin 'yan takardu masu hoto, kullum sai na fito da su na duba. Na huɗu dankali da ɗan rogo, kabewa kuma ta hau shinge. A gefe-gefe zogale, gwanda, gwaiba da lemon tsami. Zan kewaye da darni tukuna, in dasa aguwa a gindinsa ta zama shinge na dindindin, don ka san da an gama girbi kowa sakin dabbobinsa yake yi.

Taki ma na gama maganarsa. Akwai Ardo Surajo, wanda rugarsu ke wajen Falgore, mun saba tun ina yaron mota. Mun yi da shi in sun gangaro bayan kaka shanunsa za su kwana mini a filin har ƙasa ta yi baƙi, ni kuma in bar musu kara da harawa. Na nuna masa takardun iri, ya juya hoton kabeji sama da ƙasa, ya tambaye ni ko rawani ne Turawa ke shukawa. Ya ce in ya yi, a ajiye masa guda ya naɗa ranar Salla. Mai haƙar rijiya kuma, Isa daga Bebeji, ya zo da digarsa da mutanensa. Na kafa turaku, na ja igiya. Wallahi in ka ga filin nan da igiyoyi a miƙe sai ka ce an riga an shuka.

To, ga inda matsalar take. A tsakiyar nan cif, inda rijiya za ta zauna, akwai wata tsohuwar ɗorawa. Mutum biyu ba sa rungume ta. Inuwarta ta cinye wuri mai yawa, saiwoyinta kuma sun bi ƙasa ko'ina. Kuma ba tawa ba ce. Ka san yadda ake yi a ƙasarmu, ƙasa ta wani, itacen da ke kanta na wani. Da aka raba gadon kakana, tun ban san kaina ba, fili ya faɗa wa mahaifina, ɗorawa ta faɗa wa ƙanwarsa, Gwaggo Kande. Da ita take rufa wa kanta asiri tun da mijinta ya rasu. Kowace bazara ta zo da jikokinta su kaɗe, ta fitar da kalwa ta yi daddawa, garin ta ba yara, ɓawon kuma masu daɓen ɗaki su karɓa su yi makuba. Na san duk wannan. Amma na ɗauka tsohuwar magana ce, tunda yanzu ina da halin da zan ɗauke mata wahalar nan gaba ɗaya. Sai na kira Audu mai gatari ya zo ya duba ta. Da rana tsaka ya zo, ya zagaya ta, ya bubbuga gindinta da bayan gatari, mata masu tafiya kasuwa suna wucewa suna kallo. Kafin la'asar labari ya isa gidan Gwaggo.

Da ta zo ta yi faɗa da na ji daɗi, don na shirya amsoshina. Ba ta yi ba. Washegari da hantsi sai ga ta da tabarma da mazari da auduga. Ta zare turkena guda ta ajiye gefe, ta shimfiɗa tabarmarta a gindin ɗorawa, ta zauna tana kaɗi. Wani turken ta ɗaure akuyarta a jiki. Na fito, ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa. Ba ta faɗin sunana, don sunan mahaifinta gare ni, Babana take ce mini. Ta sa mini albarka a kan wannan babban aiki da na ɗauko, ta ci gaba da kaɗinta. Haka take yi kullum har yau. Isa ya ce shi ba zai kafa diga a inda tsohuwa ke zaune ba, ya tattara kayansa ya koma Bebeji, ya ce in mun daidaita a aika masa. Audu kuwa in ya hango ni sai ya sake hanya. Masu yi mini darni ma na fito na tarar sun zauna kewaye da ita tana raba musu gyaɗa.

Na aika mata da wani dattijo abokin mahaifina. Na ce zan dasa mata mangwaro mai aure a ƙofar gidanta. Ta ce a gaya wa Babanta ita ba ta taɓa ganin an sa mangwaro a miya ba, kuma ba ta da shekarun jiransa. Na ce to kowace shekara zan aiko mata da kalwa daga kasuwa, fiye da abin da bishiyar ke bayarwa. Ta ce ita ma ba ta manta hanyar kasuwa ba. Sannan ta ƙara da cewa in Babanta na son sare ɗorawar ubanta, kada ya wahalar da Audu, ya ɗauki gatari da kansa, ita za ta riƙe masa riga.

Tun ranar da Audu ya zo, daddawar da Gwaggo take aiko mana da ita ta tsaya. Suwaiba ta ajiye mini tuwo da miya ta koma gefe tana kallon yadda zan yi da fuskata. Na ce a sayo ta kasuwa. An sayo. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ɗaya ba ne.

A waje kuma abin ya fi ciwo. Na riga na faɗa a majalisa, gaban malamin elementare da malamin asibiti, cewa kafin sanyi ya wuce za su ci latas daga bayan gidana. Yanzu Sarkin Lambu suke kirana. In na zauna sai wani ya tambaye ni yaya shuka, wani ya amsa masa cewa ai ta yi kyau, guda ɗaya ce ta fito amma ta fi soro tsawo.

Wasu sun ce in kai magana gaban dagaci, ko alƙali ma, tunda ƙasa tawa ce. Wasu sun ce Gwaggo za ta tafi biki Tudun Wada kwanan nan, in nemo masu gatari daga wani gari, kafin ta dawo an gama, sai a ba ta haƙuri. Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta zauna mini a rai. Amma matar nan ta goye ni. Kuma ita kaɗai ta rage mini a ɗakin mahaifina. In na tuna haka sai jikina ya yi sanyi. In na fito da takardar zanena na duba kuma sai in ji kamar in tashi in fara haƙa da hannuna. Baba, zamani ya zo, ana ta ce mana mu ci gaba. Shin itace guda zai hana mutum ciyar da gidansa da abin da ya shuka? Shanun Ardo sun kusa gangarowa, irin nan kuma an ce ba ya son jira. In sare, ko in kai ƙara, ko in yayyage takardata?

Naka,
Mai Lambu a Takarda, Kiru.

AMSA

Malam Mai Lambu, na karanta takardarka, ɗokinka har ya kama ni. Niyyarka mai kyau ce ƙwarai. Da kowane magidanci mai fili a bayan gida zai yi tunanin da ka yi, da yara da yawa sun yi ƙiba da rani. Kada ka yayyage takardarka. Amma cikin abu ukun da ka lissafa babu wanda zan ce ka yi.

Mu fara da gatari. Ɗorawar nan dukiyar Gwaggo ce kamar yadda sikelinka yake dukiyarka. Da wani zai ɗauke maka sikeli kana Kano, ya ce zai riƙa aiko maka da abinci kowace shekara, me za ka kira shi? Masu ce maka ka sare tana Tudun Wada ba za su raka ka gidanta ranar da ta dawo ba. Kuma a sanina ba a sare irin wannan itace haka kawai, sai malamin daji na hukumar En'e ya sani, ka bincika. Ƙara kuwa ba na jin za ka ci, don dagacinku ya san rabon gadon nan tun kafin ka san rula. Ko da ka ci, za ka fito daga gaban alƙali da fili, ba gwaggo.

Kai ma kana da taka gaskiyar. Ƙasa taka ce, kana da ikon ka kewaye ta, ka haƙa rijiya, ka shuka abin da ka so. Mai itace ba ya hana mai ƙasa noma. Amma ka lura, ba ta ce kada ka yi lambu ba. Albarka ma ta sa maka. Abin da ya ɓata mata rai shi ne a bakin matan kasuwa ta ji, ba a bakinka ba, sannan da ka tashi magana ka aika wani. Zaman da take yi a gindin bishiyar nan, kai take jira.

To ga abin yi. Ka fara cire turakun da ke kusa da ɗorawa da hannunka, tana gani. Da yamma ka je gidanta da goro, kai kaɗai, ka tuɓe takalmi ka zauna ƙasa. Kada ka je da takardar zane, kada ka ambaci mangwaro ko kalwar kasuwa. Ka gaya mata ba mai taɓa bishiyarta kana raye. Sannan ka roƙe ta abu guda: in an gama kaɗe 'ya'yan bana, ta yarda a rage ƙananan rassan da suka sunkuyo, ita ta nuna waɗanda za a taɓa. In ta ce a'a, ka bar maganar sai wata shekara.

Yanzu zanenka. Rijiya ba dole sai a tsakiya ba. Ka duba inda filin ya fi tudu, can za ka sa ta, don ruwa gangarowa yake yi, bai san tsakiya ba. Ta yi nesa da saiwoyin ɗorawa, ta yi nesa da masai ƙwarai. Inuwa kuma ka auna ta da idonka kafin ka sake jan igiya. Ka fita da hantsi, da azahar, da la'asar, ka sa duwatsu a bakin inda ta tsaya. Za ka ga a watannin sanyi rana na karkata kudu, inuwa na faɗawa arewa. Saboda haka albasa, tumatir, tattasai da attaruhu su tafi kudu da gabas, inda rana ke wuni. Ƙarƙashin bishiyar kada ka yi fangalin dindindin, don da bazara masu kaɗe ɗorawa za su tattake shi, kuma hakkinsu ne su shigo. Ka mai da wurin gidan rainon iri. Ƙananan tumatir da kabeji da latas ba sa son zafin rana kafin a dasa su, bakin inuwar nan ya fi musu ko'ina. A can gefe ka haƙa ramin tara taki, ka riƙa zuba ganyen da ɗorawar take zubarwa da shara da toka. Hanyarka ta miƙe daga ƙofar baya, in ta iso bishiya ta zagaye ta ta wuce. Ba wanda zai kama ka don layi ya lanƙwasa.

A jikin darni ka bar ƙofa ta ɓangaren da Gwaggo ke fitowa, mai ƙyaure da za a riƙa rufewa saboda awaki. Wannan ƙofar tata ce, ka gaya mata haka. Akuyarta dai ta tsaya a waje, wannan kana da ikon faɗa.

Sai gargaɗi biyu. Kada ka buɗe kashi huɗun nan duka bana. Ba ka san ƙarfin rijiyarka ba sai bazara ta gwada ta, kuma ban ruwa safe da yamma aiki ne, ga ka da rumfar awo. Ka fara da kayan miya da albasa da tumatir. Irin kanti ka gwada fangali ɗaya-ɗaya, in ya ƙi bana ka nemi malamin gona ya duba maka. Na biyu, kashin shanun Ardo ɗanye ne, yana ƙone ƙananan shuka. Ka bari ya bushe ya ruɓe, ka kafce shi cikin ƙasa sosai kafin dashe. Zogale da gwanda kuwa ka sa su da wuri, ba sa ba da wahala.

Mutanen majalisa ka bar su da dariyarsu, ka taya su ma. Wanda ya fi kowa tsokana shi zai fara aiko yaro da kwano.

Ka tafi gidan Gwaggo yau, kada ka bari ta tafi biki da wannan abu a ranta. Gobe ka aika Bebeji a kira mai rijiya. Allah ya sa a sami ruwa kusa, ya sa wa ƙasarka albarka, ya bar ku tare da tsohuwarku cikin lafiya.

Baba Ubale.